Wanda ke hana ƙwallo taɓa ƙasa

Jama'a masu son ƙwallon raga, yau ina so mu yi magana a kan ɗan wasan da ba a cika tafa wa ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen fili ya san lokacin da 'yan kallo ke ɓarkewa da sowa: lokacin da dogon nan ya tashi sama da raga ya maka ƙwallo da ƙasa. Shi ake ɗauka a waya, shi yara ke kwaikwayo. Amma kafin ya samu wannan damar, akwai wanda ya duƙa a baya ya tare ƙwallon da abokan karawa suka bugo da damatsansa, ya tashe ta sama ta yadda mai ɗagawa zai same ta. Ba don shi ba, da maki ya riga ya tafi.

Mu ɗan yi lissafi. Tsawon filin mita 18 ne, faɗinsa 9, wato kowane ɓangare mita 9 ne daga raga zuwa layin baya. Ragar maza na da tsayin mita 2.43, ta mata 2.24. Manyan 'yan wasa na duka ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 100 a awa ɗaya. Da irin wannan gudu, ƙwallon da aka buga daga raga za ta isa wurin mai tsaron baya cikin kusan kashi ɗaya bisa huɗu na daƙiƙa. Babu ɗan Adam da zai ga ƙwallo, ya yi tunani, ya ɗaga ƙafa ya je inda take a cikin wannan lokaci. Wanda ka ga ya tare ta, to dama can yana tsaye a wurin da za ta faɗo.

Wannan ne abin da nake so ya zauna mana. Yawancin matasanmu sun ɗauka tsaron baya jarumta ce ta jefa jiki ƙasa. Alhali mafi yawan aikin an gama shi tun kafin a bugo ƙwallon. Ƙwararre yana kallon hannun mai ɗagawa na can ɓangaren, ya gane ina za a tura ta. Sai idonsa ya koma kan mai duka: ta ina ya taho da gudu, ina kafaɗarsa ta fuskanta, ƙwallon ta matso raga ne ko ta yi nisa da ita. In ta yi nisa, dukan zai yi tsawo, sai ya ja baya. In mai dukan ya sassauta hannu, dabara ce zai yi ya ɗan ɗiga ta bayan masu tarewa, sai ya shirya tahowa gaba.

Sannan yana aiki da 'yan'uwansa da suka yi tsalle suka kafa katanga a raga. Wurin da hannayensu suka rufe ba ya buƙatarsa. In ya tsaya bai hango ƙwallon ba saboda bayan abokansa ya kare shi, to ya tsaya a inda ba za ta zo ba. Wurinsa shi ne gefen katangar, ko tsakanin masu tarewa biyu in sun bar rata, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daidai lokacin da hannun mai duka zai sauka a kan ƙwallo, ƙafafu su tsaya cak. Gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ya yi ƙasa, nauyin jiki a kan gaban tafin ƙafa, hannaye a gaba a sake, ba a haɗe tun da wuri ba. Mai tafiya da baya a wannan lokaci ba zai iya komowa gaba ba. Kuma ba a dukan ƙwallo mai ƙarfi da hannu. Ƙarfinta ya ishe ta. Aikinka ka miƙa damatsa a jere, ka karkata su inda kake so ta nufa, ka ɗan sassauta jiki ya shanye zafinta. Ka tashe ta sama sosai wajen tsakiyar filinku, kusa da layin da ke mita 3 daga raga. In ka matsa sai ta je dab da raga, sau da yawa tsallakawa za ta yi, ka ba abokan karawa kyauta.

Faɗuwa kuwa tana da nata ilimin, kuma tarihinta a Jafan yake. Koci Hirobumi Daimatsu ya horar da 'yan matan da ke aiki a masaƙar Nichibo ta Kaizuka, kusa da Osaka. Ba su kai matan Tarayyar Sobiyat tsawo ba, don haka ya nemi nasara a ƙasa maimakon sama. Ya koya musu su miƙe su taro ƙwallo, su mirgina ta kafaɗa, su tashi tsaye nan take a shirye. Da wannan suka doke Sobiyat a gasar duniya ta 1962 a Mosko, suka sake doke su ci 3 da babu a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Tokyo a 1964, shekarar da ƙwallon raga ta fara shiga wannan gasa. Horon nasa ya yi tsanani ƙwarai, har cikin dare bayan an tashi daga aiki, kuma ba zan ce wani koci ya yi wa yaransa haka ba. Amma darasin ya tsaya: gajere na iya cin dogo in ya ƙi barin ƙwallo ta mutu.

Hukumar ƙwallon raga ta duniya ta girmama aikin tsaron baya a 1998, da ta shigo da matsayin libero, ɗan wasan nan mai riga daban da ta sauran. Ba ya tarewa a raga, ba ya dukan ƙwallo daga saman raga, aikinsa baya ne kaɗai. Duk da haka, a Olamfik ɗin Rio na 2016, libero ɗin Birazil, Sérgio Santos da ake kira Serginho, shi aka zaɓa gwarzon gasar maza yana da shekara 40. Wannan ne wasan ƙarshe na Olamfik na huɗu a jere da ya buga, ya tafi da zinare biyu da azurfa biyu. Ƙarfin tsalle na raguwa da shekaru, amma idon da ya saba karanta wasa ƙara kaifi yake yi.

Yanzu gare ku, malaman wasanni da masu horar da yara. Da yawa daga cikin filayenmu na makarantu da unguwanni siminti ne ko tsandauri. Yaron da aka ce ya faɗi a kan irin wannan wuri ba tare da an koya masa yadda ake faɗuwa ba, zai ƙuje gwiwa da haɓa, gobe kuma ya riƙa kauce wa ƙwallo. Ku fara da tsayuwa da karanta mai duka. Ku koyar da mirginawa a kan yashi ko tsohuwar katifa, a hankali, babu ƙwallo tukuna. Ku ware wa wannan aiki lokacinsa a kowane atisaye, kada ya zama abin da ake yi in an gaji da duka.

Ku kuma gaya musu gaskiya: ko gwanin gwanaye, ƙwallaye da yawa za su wuce shi. Mai tsaron baya na buƙatar zuciyar da ke ajiye wadda ta wuce ta fuskanci mai zuwa, da bakin da ke cewa "tawa ce!" da ƙarfi don kada mutum biyu su tsaya suna kallon juna.

Kuma don Allah, yaron da kuka ga bai da tsawo, kada ku sallame shi daga fili. Ku sa shi a baya, ku koya masa, ku kira sunansa a gaban kowa ranar da ya ceto muku maki.