Yadda rowar data ta kusa cinye min hoton Kaka na ƙarshe

1/ Jama'a, zare ne, ku biyo ni. Duk wanda ya yi zaman ɗalibta a Samaru ya san lissafin nan: kuɗin abinci, kuɗin fotokwafi, sannan data. Ni a data na fi rowa, musamman tun da aka ƙara kuɗinta a farkon 2025.

2/ Hoto ɗaya a wayata yana kai MB 4. Sai na sauke wata manhaja mai matse shi zuwa KB 70. Na matse komai, na goge na asali don waya ta samu wuri. Har koya wa abokaina nake yi, wai ni gwani. 😅

3/ Da Babbar Sallah na hau bas daga Samaru, ta Kwangila, zuwa gidanmu na Sabon Gari. Kaka ta sha sabon leshi. Ita da ba ta son hoto, ranar da kanta ta ce, "Kai ɗan boko, zo ka ɗauke ni." Na ɗauka, tana dariya.

4/ Na matse, na tura guruf ɗin gida a WhatsApp. Kowa ya ce ya yi kyau. Ƙanwata ce kawai ta nace: "Yaya, don Allah turo min na asalin ta Document." Na yi mita, MB 4 fa! Na tura dai don ta ƙyale ni, sannan na goge.

5/ Bayan wata biyu Allah Ya yi wa Kaka rasuwa. Da aka share makoki, Baba ya ce in kai hoton nan a wanke shi babba, a sa a firem.

6/ Na je wajen wani mai wankin hoto a PZ. Ya buɗe a kwamfuta, ya ja shi ya cika allo. Wallahi fuskar Kaka ta koma dabbare-dabbare, idanun ma ba sa fita. Ya ce, "Malam, wannan a waya kawai zai yi kyau. Ina na asalin?" Na yi shiru.

7/ Shi ya fahimtar da ni. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne. Matse shi na nufin zubar da wasunsu, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Don a wanke mai inci 8 da 10 tsaf, ana son ɗigo wajen 2400 a faɗi, 3000 a tsawo. Nawa ko rabi bai kai ba.

8/ Na bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa irin nawa ne a hannunsa, wasu ma sikirinshot, wanda ya fi lalacewa. A cikin Keke Napep ina komawa na tuna da nacin ƙanwata. Na kira ta hannuna na rawa. Ta ce, "Yana nan, Yaya."

9/ Yau hoton na rataye a falon Baba. Har zanen da ke goshinta ana gani.

10/ Ban daina matse hoto ba fa. Fasfo na cike fom, hoton allon lacca, tallan kaya a status, duk ƙarami ya wadatar. Abin da na sauya:
• Kwafi nake matsewa, na asali yana nan
• Hoto mai muhimmanci ta Document nake turawa, WhatsApp ba ya taɓa shi
• In ba haka ba, in danna HD, tun 2023 suka kawo shi
• Na asali in ajiye a Google Drive ko memori

11/ Ku duba wayoyinku yau. Hoton Mama ko Baba da kuka fi so, na asali ne ko wanda ya sha yawo a guruf? In suna raye, ku je ku sake ɗauka.

Allah Ya jiƙan Kaka da duk namu da suka rigaye mu. 🤲