Kayan Ɗaki a Bayan Gingimari: Ƙaura a Amurka da Karkarar Kano

Daga watan Mayu zuwa Satumba, duk ƙarshen wata titunan biranen Amurka kan cika da wasu motocin ɗaukar kaya masu launin fari da ruwan lemo, an rubuta U-Haul a jikinsu. Abin da ke fara ɗaure wa baƙo daga ƙasar Hausa kai shi ne wanda ke riƙe da sitiyarin. Babu direba, babu yaron mota, babu ɗan kamasho. Malamar makaranta ce ko ɗalibi ya hayo motar da lasisinsa na ƙaramar mota, ya loda gado da firji, zai tuƙa ta da kansa kwana uku ko huɗu zuwa wata jiha, ya ajiye ta a reshen kamfanin da ke can, ya miƙa makulli ya kama gabansa.

Leonard Shoen da matarsa Anna Mary ne suka kafa kamfanin a 1945, bayan sun nemi hayar tirelar da za ta kai kayansu daga Los Angeles zuwa Portland sun rasa. Sun dace da kasuwa, domin Hukumar Ƙidayar Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa Ba'amurke kan sauya gida fiye da sau 11 a rayuwarsa.

Mutumin Dambatta ko Makoda ko Kunchi da ya ji wannan adadi zai ce, me ya yi zafi? A wannan yanki na arewacin Kano, inda gona ke jingine da gona kuma ba a san saura ba, gida ba ya tashi. Rumbu na nan, kukar bayan gida na nan, kabarin kaka na nan. Namiji ne ke fita cin rani bayan an shigar da amfanin gona, shi kuwa kayansa ba su wuce jaka ɗaya da tabarma ba. Ƙaura mai nauyi, wadda sai an nemi mota, kusan kullum ta mace ce: amaryar da za a kai Kaduna ko Abuja, matar da mijinta ya zauna da gindinsa a Agege ya aiko a kawo ta, ko iyalin ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Kayan kuwa sananne ne: gado da katifa, kujeru, sif, kwanuka da tangaran, keken ɗinki, turmi da taɓarya, buhunan gero da dawa, wani lokaci har da akuya. Randa ce kaɗai ake haƙura da ita, don kowa ya san ba za ta kai ba.

Dabarar kai waɗannan kaya da araha ta girmi mota. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itacen girki, su fito da takin da za a zuba a gonaki. Jaki bai san dawowa wayam ba. Yau ma haka lissafin yake, sai dai gingimari da daf sun karɓi aikin. Daga kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina, hatsi da wake da riɗi na tafiya kudu. Daga kasuwannin ƙauye irin ta Dambatta da ke ci ranar Lahadi, dabbobi na bin sahu. Tafiyar Kano zuwa Legas ta kai kimanin kilomita 1,000, kuma ɗan kasuwar da ya yi lodi ya riga ya biya kuɗinta. Mai ƙaura wuri kawai yake nema a saman buhuna, ko cikin motar da ta sauke kaya a kasuwar Mile 12 ta Legas take shirin juyowa arewa.

A nan ɗan kamasho yake shigowa. Shi ya san wace mota ce ta kusa cika, wane direba ne ɗan garinsu, wa zai bi ta Mokwa da Jebba, wa zai bi ta Lokoja. Za a yi ciniki, a ce "albarka", a ƙara, a ce "Alhaji, a duba dai, kayan marainiya ne", daga ƙarshe a sallama. Kafin nan amalanken shanu ko kurkura ta fito da kayan daga ƙauye zuwa bakin kwalta, akori-kura ta ƙarasa da su tasha. Lodi kuwa samarin gida da na maƙwabta ne, ladansu fura da godiya. An kwance gado an ɗaure ƙafafunsa da igiya, an naɗe madubi cikin katifa, an cusa tangaran a tsakiyar zannuwa, an rubuta suna da lambar waya a jikin kowane buhu.

Abin sha'awa, kwamfutar U-Haul ma irin wannan lissafin take yi. A shekarun da mutane suka yi ta barin Kalifoniya zuwa Texas, hayar mota daga San Francisco zuwa can ta ninka ta dawowa sau da yawa, saboda motoci sun taru a wuri ɗaya kuma kamfanin na neman wanda zai mayar masa da su. Bambancin shi ne Ba'amurke yana ganin farashin a waya ba tare da ya yi magana da kowa ba, kuma ba ya iya cewa a rage. Tallan dala 19.95 da ake liƙawa a jikin motocin na zirga-zirgar cikin gari ne, ban da kuɗin kowane mil da mai da inshora. Tafiya mai nisa kan lashe dubban daloli.

Shi ya sa shawarar da aka fi ba mai ƙaramin ƙarfi a Amurka ita ce ya sayar da komai. A sa hoton kujera a Facebook ko Craigslist, abin da bai sayu ba a ajiye shi bakin titi, a je can a sayi wani a kantin IKEA ko a hannun wani mai tashi. Wannan shawara ba ta da wurin zama a karkarar Kano. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, uwa ta yi shekaru tana adashi tana tarawa, uba ya sayar da sa ko ya jinginar da gona ya cika. Miji ba shi da hurumin cewa a sayar don a rage kuɗin mota, kuma ranar jere dangi za su ƙirga abin da ya iso. Idan ka ga dillaliya ta fita da kwallayen wata, to wata larura ce ta taso, asibiti ko bikin 'ya. Saboda haka ana iya biyan kuɗin motar da ya kusa kuɗin tsohon sif, kuma babu wanda zai kira hakan wauta.

Ta fuskar tsaro kowane tsari da ciwonsa. A Amurka akwai takardar yarjejeniya da inshora da hukumar tarayya mai sa ido, duk da haka ana kukan kamfanonin bogi da ke loda kaya sannan su ƙi saukewa sai an ƙara musu kuɗi. A Kano babu inshora. Jinginar ita ce an san gidan su direba, kuma shugabannin tasha za su iya kiran sa. Wannan na hana cin amana sosai, amma ba ya hana ruwan sama jiƙa katifa, ba ya biyan madubin da ya fashe a ramukan hanya. Mafi muni, mai kaya kan hau saman lodi ya bi kayansa don ya huta da kuɗin bas, abin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kai, domin idan irin wannan mota ta kife ba a ƙirga asarar da kaya.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin ya sake. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Dizal kuwa ya riga ya yi tashin gwauron zabi tun 2022. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zai ratsa Dambatta da Kazaure da Daura, amma fuskarsa arewa take, alhali yawancin masu ƙaura kudu suka nufa. Iyaye da dama yanzu sun koma tura kuɗi ta waya, a sa kafintan garin da amarya za ta zauna ya haɗa gado da kujeru a can. Abin da ke hawa mota daga ƙauye ya ragu zuwa akwatuna, kwanuka, gara da buhun gero, waɗanda but ɗin bas ɗin 'yan kai amarya kan ɗauke.