Abin da ke cikin furen zanen gado

Ƴan uwana mata, mu da muke ɗinkin kayan ɗakin amarya mun san yadda ake son zanen gado da rigar matashi masu fure mai tudu, wanda in kin shafa hannu sai ki ji ya taso. Mai saye yadi take kallo da launi. Ni kuwa, shekarun da na yi bisa keke sun nuna mini cewa darajar aikin tana ga abin da aka cusa a ciki, wanda ido ba ya gani.

Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Lifidin dawakin sarakuna yadi ne aka cusa wa audugar rimi, aka bi shi da ɗinki. Sai dai lifidi ba a kai shi wanki kowane wata, zanen gado kuwa zai sha ruwa da sabulu da guga. Saboda haka in zan zaɓi abin cusawa, tambayata ɗaya ce: yaya furen zai kasance bayan wanki na biyar?

Audugar rimi ba ta da nauyi, ta dace da matashin kai. Amma santsi gare ta, ba ta zama wuri ɗaya, kuma a hankali takan karairaye ta koma kamar ƙura. Audugar gona tana da sanyi a jiki, tana jure guga, amma takan kwanta, ga shi tana ɗan tsukewa a wankin farko. In da gurya a cikinta kuma, man guryar zai ɓata farin yadi. Soso ya fi kowa kyau ranar da aka kai kaya, wallahi har a yi ta yabo. Bayan ya sha zafin bazara sai ya yi jaja-jaja ya soma marmashewa.

Abin da nake sa wa fure shi ne audugar roba, wadda ake sayarwa a nannaɗe, ana aunawa da mita. Ba ta tsukewa, tana bushewa da sauri, in kin matse ta sai ta sake tasowa. Lahaninta biyu ne. Dutsen guga mai zafi sosai yana narkar da ita, furen ya kwanta ke nan har abada. Sannan in yadin sama ba shi da ƙarfin saƙa, zaren robar zai riƙa leƙowa kamar furfura.

Ga yadda nake yi. Nakan shimfiɗa mai kaurin a bayan yadi daidai inda na zana furen, in bi layin zanen da ɗinki. Sai in juya aikin, in yanke duk abin da ya wuce layin da ƙaramin almakashi, a hankali don kada in huda yadi. Daga nan in shimfiɗa siririyar auduga a duk faɗin zanen, in sa yadin baya, in sake bin gefen furen, in cika filin da ke kewaye da shi da ɗinki kusa-kusa. Wannan ɗinkin ne ke danne ƙasa, furen ya fito. Mai kaurin ba ta da aiki a sauran zanen: tana cin kuɗi, tana wahalar da allura, kuma wa zai kwanta a kanta cikin zafin Maradi?

Me ya kawo wannan magana cikin jaridar asusu? Yawancinmu da rancen ƙungiya muke sayen kaya. In amarya ta maido zane bayan wata biyu, kin yi asarar yadi da ladan aiki, bashi na nan yana jiran ranar biya, kuma dangin amarya duk sun ji labari. A unguwa, suna ya fi jari wuyar maidowa.

Don haka kafin ki taɓa kuɗin rance, ki ɗinka ƙaramin fure a ƙyalle kamar santimita 20. Ki wanke shi sau uku, ki shanya a rana, ki goge ta baya da wani ƙyalle a kai. In ya tsaya, ki saya. In kin kai wa mai kaya aikinta, ki gaya mata yadda za ta goge shi.

Masu ɗinki na ƙungiyarmu kuma, mu zo da ƙyallayen gwajinmu ranar zubi, mu taɓa mu gani. Wadda ta fi dacewa sai mu haɗa kuɗi mu sayi naɗi guda mu raba, ya fi sauƙi bisa sayen mita-mita.