Hannun Auta a cikin laka

Ɗan ƙanwata, wanda muke kira Auta, shekararsa shida, kuma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. In bai samu murfin kwalba ya murza ba, zai kama gefen hijabin uwarsa, ya nannaɗe a yatsa, ya warware, ya sake nannaɗewa. Magana sai jefi-jefi. Ka kira shi sau uku, ko waiwaye. A unguwarmu nan Birnin Kebbi babu fassarar da ba a yi ba. Wasu sun ce shafar iska ce. Wata maƙwabciya ta ce shagwaɓa ce, a nemo tsumagiya. Sai da likita ya zauna da iyayensa sannan muka ji sunan abin: galahanga.

Kun tuna ɗan abin nan mai fukafukai uku da yara suka yi ta juyawa a kan yatsa a 2017? Bayansa aka kawo na roba mai ƙuraje, ka danna ya lotsa, ka juya ka sake dannawa. Na saya masa ɗaya a kasuwa, kuma ba zan ci amanarsa ba, ya yi aiki. Da shi a hannu Auta ya zauna aka yi masa aski ba tare da an danne shi ba. Sati uku ya yi, yaran maƙwabta suka yaga shi wajen rububi.

Farkon bazara muka je Argungu gaida Kawu. Duniya ta san garin da kamun kifin Matan Fada, bikin da ake ƙirga farkonsa daga 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016. Amma biki kwana nawa ne? Sauran shekara fadama ce ke riƙe da mutane: shinkafar rani, albasa, tattasai, alayyafo. Turawa suna fita lambu in ƙanƙara ta narke, mu kuwa lokacin ne rana ke dafa ƙeya, sai mai ruwa kusa ke ganin kore.

Muna isa lambun Kawu aka tada injin ban ruwa. Auta ya toshe kunnuwa, ya durƙushe yana ihu. Uwarsa ta ce, “Yaya, mu koma, zai ba mu kunya.” Kawu bai ce uffan ba. Ya je ya kashe injin. Ruwan da ya rage a kwata yana gangarowa a hankali, sai ya tsuguna, ya sa hannu ya fasa bakin fangali ɗaya, ruwa ya shiga, ya ɗebo laka ya toshe. Auta ya sauke hannu daga kunne. Ya matso. Ya fasa na gaba, ya jira ya cika, ya toshe, ya lailaye lakar da tafin hannu har ta yi sumul. Ya wuce na uku. Uwarsa ta yunƙura saboda kayan jikinsa, Kawu ya ce, “Mi ya yi miki? Bar shi, hannunai aiki shika nema.”

Har la'asar yana nan. Ban taɓa ganin kafaɗunsa sun sauka haka ba.

A mota na yi ta tunanin abubuwan da muka tashi da su. Shanun laka da muke ginawa mu shanya a rana. Carafke. Dara a ƙasa da tsinke da duwatsu. Ɓarar gyaɗa da dare, tsintar shinkafa a faifai. Duk abincin yatsu ne, ba mu dai sa musu suna ba. Yanzu mun shafe tsakar gida da siminti, yaro ya taɓa ƙasa a doke hannunsa, sannan mu sayo masa roba daga Sin. Kuma babban mutum ya wuni yana kaɗa makullin mota a majalisa, ba wanda ya ce iska ce.

Kada wani ya ce na ce laka magani ce. Tun da Leo Kanner ya bayyana yanayin yara 11 a Amurka a 1943, ba a samu ƙwayar da ke raba yaro da galahanga ba, kuma Auta na nan yana ganin mai koya masa magana. Sannan bakin gulbi ba wurin sakaci ba ne. Da yawan yara masu galahanga ruwa na jan su, ba su san tsoronsa ba. Ido a kansu ko yaushe.

Ran 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu wannan lalura, na yanka tsohuwar jarka biyu, na cika da ƙasar da Kawu ya zubo mana a buhu, muka barbaɗa irin alayyafo. Ya tsiro. Auta ya tsige shi tas, yana shinshina saiwar. Muka sake shukawa, ya yi ta ɗura masa ruwa safe da yamma har ya ruɓe. Jiya uwarsa ta kira ni, wai ya ɗauko buta ya tsaya a kan jarkar, ya ƙi tafiya. Juma'a zan biya kasuwa in ƙaro iri.