Bututun da Ya Kusa Zubar da Mutuncin Ɗanmu

Mu da muke riƙe da littafin asusun jama'a a zauren dattijon unguwarmu, nan cikin zangon Kumasi, ba mu taɓa zaton wata rana za mu zauna muna koyon yadda baƙin mai yake zagaya inji ba. Allo muka riƙa, ba sifana ba. Amma motar jama'a ta tilasta mana.

Bas ce mai shan dizal, da kuɗin karo-karo aka saye ta. Ita ke kai mamatanmu maƙabartar Tafo, ita ke ɗaukar 'yan ta'aziyya da 'yan biki zuwa Techiman, wani lokaci har Tamale. Da ta tsufa, sai ta riƙa nishi a hawa idan ta cika. Wani ɗanmu da ya koyi kanikanci a Magazin ta Suwame ya ba da shawarar a cire tsohon turbo, a sa wanda ya ɗan fi shi girma. Dattijo ya yarda, muka fitar da kuɗi, muka rubuta.

Ba a yi mako biyu ba sai ga shuɗin hayaƙi yana tuɗaɗowa daga salansa. Ranar wata jana'iza, masu bin motar a kan babura sai da suka toshe hanci da hannun riga. Mai yana raguwa kullum. Kafin la'asar magana ta gama unguwa: yaron ya sayo ruɓaɓɓen turbo, ya soke canji a aljihu. Ba za mu ɓoye ba, mu ma zuciyarmu ta karkata can, har mun fara lissafin abin da za a ce ya biya.

Dattijo ya hana a yanke hukunci. Ya aika a kira tsohon maigidan yaron, wanda ya koya masa aiki. Mutumin ya zo, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila. Ko turbon bai taɓa ba. Da ya fito sai ya ce, "Baba Alhaji, kayan nan lafiyarsa lau. Hanyar komawar mai ce ta toshe kanta."

Ga abin da ya fahimtar da mu, kuma mun sa ya maimaita har sau uku. Hayaƙin inji ne yake juya farfelar turbo, kuma sandar da ke tsakiya takan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya. Irin wannan gudu ba ya yiwuwa sai a kan mai. Famfon inji yana tura man da ƙarfi ta siririn bututu daga sama. To amma wajen fita babu mai tura shi, nauyinsa kawai ke sauko da shi, ga shi ya yi kumfa saboda kaɗawa, ya ƙara yawa. Shi ya sa dole bututun fita ya fi na shiga faɗi sosai, ya gangara kusan a tsaye, babu lanƙwasa, babu wurin da zai kwanta. Ya ce mu tuna indararon soro: in ya yi ƙanƙanta ko ya ɗaga baki sama, ina ruwan damina zai bi? Cikin ɗaki.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ashe babu robar da ke tare mai a cikin turbo. Wasu ƙananan zobban ƙarfe ne irin ringin fistin, aikinsu tare iska da hayaƙi. Muddin mai ya taru ya kai gare su, sai ya zarce, wani ya ƙone a salansa, wani ya bi hanyar iska ya shiga inji. A injin dizal kuwa wannan haɗari ne babba, domin yana iya kama shan man nasa yana gudu, a zare makulli ya ƙi mutuwa. Da muka ji haka jikinmu ya yi sanyi, don mun tuna tsofaffin matan da muke ɗorawa a motar.

Kuskuren yaron ɗaya ne. Sabon turbon ya zauna ƙasa kaɗan da inda tsohon yake, tsohon bututun ƙarfe bai kai ba, sai ya haɗa da siririn tiyo. Zafi ya tausasa tiyon, ya yi ciki kamar igiyar shanya.

Kwana biyu suka yi suna gyara, maigida da almajirinsa. Suka juya tsakiyar turbon har bakin fitar mai ya kalli ƙasa. Suka lanƙwasa sabon bututun ƙarfe mai faɗin ciki milimita 16. Suka kwance kaskon mai na ƙarƙashin inji, suka huda shi sama da inda mai yake tsayawa, suka yi walda, suka wanke shi tas don kada ɓurɓushin ƙarfe ya shiga inji. Har bututun numfashin inji suka share, wai in iska ta matse a ciki ita ma takan hana mai sauka. Hayaƙin bai ɗauke nan take ba, sai da ragowar man salansa ya ƙone a hanyar Mampong.

Ranar Juma'a bayan an sauko, dattijo ya kira yaron gaban jama'a, ya sa muka karanta rasit ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Ko pesewa ba ta ɓata ba. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, tiyon dai ni na sa, kuɗin gyaran a kaina." Dattijo ya ce a raba biyu, rabi nasa, rabi na waɗanda suka yi saurin baki. Da muka buɗe littafi don rubuta sunayen masu biyan rabi na biyun, namu muka fara sawa.