Loft: daga iska zuwa kuɗin haya

Yau kalma guda muka ɗauko, loft. Kuna ganin ta jefi-jefi a tallan gidajen haya da na otal a Facebook, kuma duk inda ta fito sai kuɗi ya hau. Mu da muka yi lise da Faransanci, yawancinmu a tele muka fara jin ta, lokacin da tashar M6 ta Faransa ta kawo shirin Loft Story a 2001, aka kulle samari da ƴan mata gida guda, kamara na ɗaukar su dare da rana.

To, kalmar ba ta Faransawa ba ce, sun aro ta ne daga Ingilishi. Shi ma Ingilishi aro ya yi, wajen shekara 1000 da ta wuce, daga bakin kakannin mutanen Norwe da Danmak, waɗanda suka riƙa kai hari Ingila cikin jiragen ruwa har wasunsu suka zauna can. A harshensu, kalmar na nufin iska, sararin sama, da kuma ɗakin da ke sama. Ƴar'uwarta ce Luft ta Jamusanci, wato iska, wadda ke cikin sunan kamfanin jiragen sama Lufthansa.

A Ingila loft ba wurin alfahari ba ne. Sararin ƙarƙashin rufi ne da ake jibge tarkace, ko saman bargar dawaki inda ake ajiye ciyawa, kamar dai yadda muke ɗora harawa bisa rumfa. Har ɗakin tantabaru loft suke ce masa.

A New York ne labari ya juya. Cikin shekarun 1960, masana'antu sun watse daga unguwar SoHo, suka bar manyan ɗakuna ba kowa. Masu zane-zane marasa kuɗi suka shiga, saboda araha da faɗi da haske, ko da yake doka ba ta yarda a kwana a ciki ba. A 1982 jihar New York ta yi dokar da ta kare irin waɗannan mazauna. Masu kuɗi suka ga abin ya yi kyau, suka biyo, haya ta fi ƙarfin waɗanda suka fara zama.

Abin da ke ba mu dariya, kuma ya ba mu haushi, shi ne a kira ɗaki mai gajeren rufin kwano loft don kawai ba a yi bangon tsakiya ba. Wanda ya taɓa kwana a irinsa cikin watan Afrilu, a Yamai ko Tawa, ya san tanda ce. Tsohon soron ƙasa na Birnin Damagaram, da tsayinsa da sanyinsa, ya fi kusa da ma'anar kalmar.

Idan dillali ya ce muku loft, kafin a zo maganar kuɗin wata uku, ku ɗaga kai ku dubi rufi, ku ƙirga tagogi, ku koma da azahar ku tsaya ciki minti goma.