Tuwon Gindin Dutse

Akwai kalmomin da malami kan shafe shekara da shekaru yana koyarwa a aji, alhali daga shi har ɗalibansa babu wanda ya taɓa ganin abin da suke nufi. Tsauni yana daga cikin irin waɗannan kalmomi ga yaran da suka tashi a kudancin Kogin Kaduna. Yaron Kakuri ko Makera ko Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha ya buɗe ido ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma abu mafi tsawo da ya saba hangowa shi ne bututun hayaƙin masaƙun da suka daina aiki, ko kuwa hasumiyoyin matatar mai da ke kan hanyar Kaciya. Harshen Hausa yana da dutse, da tsauni, da tudu, da fa, da kogo, da kwazazzabo, kowanne da ma'anarsa. Yaro zai haddace su, ya rubuta su daidai a jarrabawa, amma a zuciyarsa duk abu guda ne.

Wannan ba ya nufin Jihar Kaduna ta rasa duwatsu. Wanda ya bi hanyar Kaciya zai tarar da duwatsun Kajuru, inda wani Bajamushe ya gina gidan nan mai siffar fadar sarakunan Turai a shekarun 1980. Can gaba akwai tsaunukan Kagoro da magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafancan. A yamma kuma, cikin ƙasar Birnin Gwari, akwai dajin Kamuku, wanda hukumar gargajiya ta keɓe tun 1936, aka kuma ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma a cikinsa ne ake samun magangarar Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema, wanda ya ci sunansa daga remayen da ke zaune a tsakanin duwatsunsa. Sai dai rashin tsaro ya shiga tsakanin yara da waɗannan wurare. An kai hari gidan Kajuru a Afrilun 2019, aka rasa rayuka. Kamuku kuwa, shekaru masu yawa 'yan bindiga suka mayar da shi mafaka, har sunan ya sauya ma'ana a kunnen yaro. Idan aka ambace shi a aji, ba giwa ko gwanki ke zuwa ran ɗalibi ba, garkuwa da mutane ke zuwa.

Wannan hali ne ya dami wani malamin firamare da ke koyarwa a Kakuri, ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ya kusa shekara ashirin yana riƙe da alli. Ya ga cewa gani ya kori ji, kuma wanda bai gani ba ba shi da abin da zai ba wani sai jita-jita. Don haka ya yi ta tara ɗan abin da ya samu, da hutun Disamba ya zo sai ya ɗaura niyyar zuwa gandun daji na Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. An kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a ƙasar nan, kuma a cikinsa ne Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419.

Tafiyar ba ta yini guda ba ce. Daga Kaduna ya bi ta Jos, da Bauci, da Gombe, da Numan, ya kwana a Jalingo. Kashegari ya kama hanyar Bali har zuwa Serti, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka, inda fadar Lamdo Gashaka take, inda kuma babban ofishin gandun yake. Tun kafin a isa garin ƙasa ta fara sauyawa, duwatsu masu shuɗi-shuɗi suka bayyana a gabas, wani a bayan wani, har ido ya kasa rabe na ƙarshe da gajimare.

Abu na farko da baƙo zai sani shi ne ba a shiga gandun da ka. Sai an je ofis an nemi izini, an biya kuɗin shiga, an haɗa mutum da ma'aikacin gandu wanda zai yi masa jagora. Lokacin da ya fi dacewa kuwa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna kan cika su yanke hanya. Daga Serti akan nufi ƙauyen Gashaka, wanda ke bakin gandun ta ɓangaren kudu, wato ɓangaren duwatsu da kurmi. Ɓangaren Gumti da ke arewa ya fi shimfiɗa, ciyawa da itatuwa jefi-jefi.

Abubuwan yi suna da yawa ga mai haƙuri. Akwai zama a bakin Mayo Kam da sassafe don kallon dorinar ruwa, ruwan kuwa garai-garai har ana hango kifi a ƙasansa. A nan ake samun giwan ruwa da tsage, amma ba a jefa ƙugiya sai da izini. Akwai tafiya a ƙasa cikin kurmi zuwa Kwano, inda masana suka shafe shekaru suna nazarin cimfanzi, wato manyan biran nan da suka fi kowace dabba kama da ɗan'adam. Ganinsu sai an yi sa'a, amma gwaggon biri da mazo da gadu ba su da wuyar gani, haka ma sawun ɓauna a bakin ruwa. Mai sha'awar tsuntsaye zai gaji da ƙirga, domin an lissafa sama da iri 500 a gandun. A kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan sansanin Jamusawa, shaidar cewa wannan yanki ya taɓa zama ƙarƙashin mulkin Jamus, sannan Ingila ta riƙe shi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin jama'arsa su zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Hawan Chappal Waddi kuwa aikin kwanaki ne a ƙasa, da jagora da 'yan dako da guzuri, kuma malamin bai kai ga hakan ba. Ya wadatu da hawan ƙananan tsaunuka, inda ya fahimci da gwiwoyinsa bambancin tudu da tsauni.

Su kansu sunayen wuraren darasi ne ga mai nazarin harshe. Mayo a Fulatanci kogi ke nan, shi ya sa taswirar yankin ta cika da Mayo Kam da Mayo Selbe da makamantansu. Abin da taswira ke rubutawa Chappal ma kalmar Fulatanci ce mai nufin ƙasa mai tudu a bisa duwatsu, irin wadda makiyaya ke so saboda sanyinta da ƙarancin ƙudan tsando. Har yau akwai Fulani da manoma da ke zaune a wasu keɓaɓɓun wurare cikin gandun da iznin hukuma. A kasuwa kuwa Fulatanci da Hausa ke haɗa kowa da kowa.

Sai dai Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya yini yana hawa da sauka, da yamma ba tarihin Jamusawa ke gabansa ba. Wuraren cin abinci na talaka a Serti rumfuna ne da ke kewaye da tasha da kasuwa. Da safe akwai mai shayi da burodi da ƙwai, da mai ƙosai da koko, da mai waina. Da rana akwai shinkafa da wake, da doya, da tuwon masara da miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta ganye. Matan Fulani kan sauko da kindirmo da man shanu da fura, ana kuma samun zuma da kifi banda. Da almuru masu tsire da balangu su hura wuta. Wanda zai kwana a ƙauyen Gashaka ya kamata ya yi cefanensa tun daga Serti, domin can ciki ba a dogara da kasuwa.

A wata rumfa ta wata dattijuwa malamin ya riƙa cin tuwon dare. Ranar da zai bar garin ya ce mata, "Inna, ke da kike gindin wannan dutse, kin taɓa shiga gandun kuwa?"

Ta ce, "Malam, ina ni ina kallon biri? Ni dai na san idan baƙi sun zo nakan ƙara kwano biyu a tukunya, ƙanena ya samu dako, ɗana ya ɗauki mutane a babur. Idan ba su zo ba, yaran nan daji za su shiga da tarko da gatari, ciki ba ya jiran damina."

Wannan magana ita ce babban abin da malamin ya samo a tafiyarsa, domin ta bayyana abin da littattafan aji ba su cika faɗa ba. Gandun daji ba ya tsayuwa da doka da bindigar ma'aikaci kaɗai. Mutanen da ke gindinsa an hana su farauta da saran itace da kiwo a wuraren da kakanninsu suka saba, saboda haka dole su ga abin da suka samu a madadin abin da suka rasa. In ba su gani ba, duk wanda ya zo da kuɗi zai same su a shirye. An ga haka a Taraba a tsakiyar shekarun 2010, lokacin da 'yan kasuwa suka yi ta saran madobiya ana fita da ita zuwa ƙasar Sin, har dazuzzuka da yawa suka zama fili. Illar ba ta tsaya a kan dabbobi ba, domin kogunan da ke tasowa daga duwatsun Gashaka suna zuba ne a Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Idan kurmin bisa ya tafi, manomi da masunci na nesa za su ji a jikinsu.

Wasu ƙasashe sun gane wannan tun da wuri. A Ruwanda, inda masu yawon buɗe ido ke hawa duwatsu don ganin gorila, gwamnati ta fara ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da gandayen daji ke samarwa don ayyukan ƙauyukan da ke kewaye da su a 2005, ta kuma ɗaga shi zuwa kashi 10 a 2017. A shekarar 2017 ɗin ce kuma Hukumar Gandayen Daji ta Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors don kula da Gashaka-Gumti, inda ake ɗaukar 'ya'yan yankin aikin tsaron gandun. Amma baƙo ma yana da nasa rabon aikin. Wanda ya cika mota da abincin gwangwani daga birni, ya shiga ya fita bai sayi ko ƙosai ba, ya kalli dutse ne ya bar mutanensa hannu rabbana. Wanda kuma ya zauna ya nemi naman daji, shi ne ya biya kuɗin tarkon da za a ɗana gobe.

Daga Serti malamin ya ƙarasa zuwa tsaunin Mambila. Bayan Mayo Selbe hanya takan fara hawa tana nannaɗewa a jikin dutse, kunne ya toshe, iska ta yi sanyi, sai ga ƙasa mai ciyawa shar da garken shanu ko'ina, a tsayin da ya kai kimanin mita 1,600. A Kakara ya ga gonakin ganyen shayi, abin da bai taɓa zaton ana nomawa a Nijeriya ba, ya kuma sha shayin a inda ake tsinkarsa. A Nguroje da Gembu ya tarar da ayaba da fiya da dankalin Turawa da naman shanu cikin rahusa. Ya lura cewa abincin wuri yana ba da labarin ƙasarsa: tsayinta, da ruwan samanta, da sana'ar mutanenta.

Ba kowane malami ne zai iya zuwa Gashaka ba, balle ya kwashi aji guda zuwa can. Amma darasin yana aiki a kusa. Malamin da zai fitar da ɗalibai ziyarar ilimi ya fara zuwa wurin shi kaɗai, ya tuntuɓi hukumar makaranta da iyaye da jami'an tsaro da mai unguwar wurin, kuma kada ya kai 'ya'yan mutane inda ake shakkar lafiyar hanya. Idan an je, kada ziyarar ta ƙare a kan dutse da ɗaukar hoto. A sa yara su gaida mutanen wurin, su tambayi sunayen duwatsu da itatuwa da ma'anarsu, su shiga kasuwa, su ci abin da ake ci, su rubuta sababbin kalmomin da suka ji. Daga nan za a samu insha'i na siffantawa, da darasin ginin kalma, da labarin ƙasa, da tarihi, duk a fita guda.

A Nuwamban 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Idan zaman lafiya ya kafu har ya kai ga baƙi sun koma Kamuku, malamai ne ya kamata su kasance a sahun gaba, domin su ne za su mayar wa sunan ma'anarsa ta asali a kunnen yara. Kafin wannan rana, wajibi ne ɗalibin da ke shirin zama malami ya san cewa Tsaunin Rema da Dogon Ruwa suna nan a jiharsa, kuma a gindinsu akwai mutanen da tukunyarsu ke jiran baƙo.